Wace manhajar tuƙin jirgi ce ta fi tafiya sumul? A gwada ta tsakanin Katsina, Jibiya da Maraɗi

Duk wanda ya taɓa neman shawara a YouTube kan manhajar da zai sa a kwamfutarsa ya riƙa kwaikwayon tuƙin jirgin sama a gida, ya san yadda bidiyoyin suke. Za a raba allo gida biyu, Microsoft Flight Simulator a hagu, X-Plane a dama, jirgi yana shawagi a kan birnin New York ko Landan, sai wata lamba a lungun sama tana rawa: 58, 61, 47. Daga ƙarshe mai bidiyon ya ce wadda lambarta ta fi yawa ita ce gwana.

Wannan lamba ita ake rubutawa FPS, wato yawan hotunan da kwamfuta take zanawa a kan allo cikin sakan ɗaya. Abin da za mu nuna a nan shi ne, lambar ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci da ita ba, kuma yanayin da ake yin gwaje-gwajen nan bai yi kama da na ɗakin da matashin Katsina ko Kano ko Maraɗi zai ajiye kwamfutarsa ba. Maganar ba ta wasa ba ce, domin kwamfutar da za ta ɗauki irin waɗannan manhajoji kuɗi ne masu nauyi, kuma da yawan masu sayenta yara ne da suke burin shiga Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. In mutum ya yi sayen bisa ma'aunin da bai dace da shi ba, ya yi asarar kuɗi, wataƙila ma ya koyi mugun hannu.

Matsakaicin lissafi yana ɓoye cijewa

Ɗauki direbobi biyu da suka tashi daga Katsina zuwa Jibiya, suka isa a lokaci guda. Na farko ya kama gudu ɗaya tun daga tasha har ya isa. Na biyu kuwa yana ta sheƙa gudu, ya ci birki a shinge, ya sake fizgar mota, ya sake tsayawa. A takarda matsakaicin gudunsu ɗaya ne. Amma ka tambayi fasinjan da ya zauna a baya riƙe da kwanon fura.

Haka abin yake a allo. In kwamfuta tana zana hoto 60 a sakan bi da bi, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. In 30 take zanawa, kowanne 33.3 ke nan. To yanzu a ce cikin sakan ɗaya ta zana hoto 59 kowanne a milisakan 15, sannan hoto ɗaya ya maƙale ya ɗauki 115. Haɗa lissafin: 885 da 115, sakan ɗaya cif, hoto 60. Lambar da ke lungun allo za ta ce 60, lafiya lau. Ido kuwa ya riga ya ga cijewar.

Wannan ba sabon gano ba ne. Tun a 2011 Scott Wasson na shafin The Tech Report ya jawo hankalin masu gwada kayan kwamfuta cewa su daina dogara ga matsakaicin FPS, su riƙa auna lokacin da kowane hoto ya ɗauka. Daga nan ne aka fara ganin ma'aunin kashi 1 cikin 100 mafi muni, wato a ware hotunan da suka fi jinkiri a ga yadda suke. Masu gwaji na ƙwarai suna kawo shi. Amma yawancin bidiyoyin kwatanta manhajojin jirgi har yau lambar lungun allo suke nunawa, su wuce.

Me ya sa abin ya fi damun mai tuƙin jirgi

Ƙaramin jirgin koyo irin Cessna 172 yana tunkarar titin sauka da gudun kusan kilomita 120 a awa, wato mita 33 a sakan. A cikin cijewar nan ta milisakan 115 ya ci kusan mita 4 ba ka gani ba. Boeing 737 kuwa yana zuwa da ninkin wannan gudu ko fiye, ka ga mita 8 ke nan sun wuce a makance. In a can sama ne ba komai. Amma a daidai lokacin da kake ɗaga hancin jirgi don tayoyi su taɓa ƙasa a hankali, nan ne ido da hannu suke aiki tare, nan ne kuma cijewa take yin ɓarna.

Akwai kuma jinkiri tsakanin motsa sandar tuƙi da ganin sakamako a allo. In ya yi yawa, sai mutum ya ja sanda, bai ga komai ba, ya ƙara ja, sai jirgin ya amsa duka biyun lokaci guda, sai ya tura don ya gyara, ya wuce gona da iri. Matuƙa sun san wannan lilo da matuƙi yake haddasawa da hannunsa, kuma yana faruwa har a jiragen gaske. Shi ya sa hukumomin sufurin jiragen sama suka sa wa manyan na'urorin horar da matuƙa iyaka: ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi ga masu daraja mafi girma shi ne kada jinkirin ya wuce milisakan 150, sababbin ƙa'idoji ma sun ƙara matse shi. Abin lura shi ne, ƙwararrun nan jinkiri suke aunawa, ba kyawun gajimare ba.

Hanyar gwajin da ta dace da mu

Ba za mu zubar da gwajin New York ba. Yana da amfani, domin birni mai dubban dogayen gine-gine da cunkoson jirage shi ne mafi nauyin abin da za a ɗora wa kwamfuta. Matsalarsa ita ce ana yin sa a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa, da intanet na waya mai gudun gaske. An cire duk abubuwan da su ne za su fi damunmu.

Don haka ga hanyar da muke ba da shawara. Tashi daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ka nufi yamma kana bin titin mota har Jibiya. Za ka ga madatsar ruwan Jibiya a kan kogin Gada. Daga nan ka juya arewa, ka ƙetare iyaka ta wajen Magama, ka wuce ta saman Ɗan Isa, ka bi Gulbin Maraɗi, tafkin Madarunfa yana gefe, ka sauka a filin jirgin Maraɗi. Tafiyar ba ta fi kimanin kilomita 100 ba, kusan rabin awa a Cessna. Babu dogayen gine-gine, babu tsaunuka, don haka katin hoto ba zai sha wahala ba. In har aka ga cijewa ko ƙasa ta koma dishi-dishi a wannan hanya, to ba ƙarfin na'ura ba ne ya gaza, wani abu ne daban. Kuma da yake ƙasar da ka sani ce, kai da kanka za ka gane in manhajar ta zana ta daidai ko ta yi maka ƙage.

Microsoft Flight Simulator: kyau na kan gaba, amma a wuyan intanet yake

Fitowar 2020, wadda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya gina, ta zo ranar 18 ga Agusta na shekarar. Dabararta ita ce duniyar ba a kwamfutarka take ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na Bing Maps, da yawansu ya kai kusan fetabayit 2, wato gigabayit miliyan 2, suna can a rumbunan Microsoft, manhajar tana jawo abin da ke gabanka kana tafiya. Gine-gine kuma basirar na'ura ce take tayar da su daga siffar rufin da ta gani a hoto. A kan hanyarmu wannan yana nufin gonaki, da turbobi, da faɗin gulbi, za su fito inda suke a zahiri. Gidajen dai ba lallai su yi kama da soraye da rumbunan da ke ƙasa ba, domin biranen da aka zana gini bayan gini daga hotunan jirgi galibinsu a Turai da Amurka da Japan suke. Duk da haka, wajen koyon gane hanya da ido babu wadda ta kamo ta.

Kuɗin wannan kyau fa? Kamfanin ya nemi fili gigabayit 150 a kwamfuta, da intanet mai gudun megabit 5 a sakan a mafi ƙaranci, 20 a matsakaici, 50 in ana son komai ya cika. Sauke gigabayit 150 a kan layi mai megabit 10 zai ɗauki awa 33 ba tsayawa. Wanda yake sayen data a waya ya yi wannan lissafin da kansa.

Fitowar 2024, ta ranar 19 ga Nuwamba, ta rage abin da ake saukewa da farko, amma ta ƙara jingina ga intanet: megabit 10 a mafi ƙaranci, 50 a matsakaici, 100 a cikakke, ga RAM daga gigabayit 16 har 64. Ba ƙasa kaɗai ba, har jirage da kayan cikin ɗakin matuƙi ana jawo su ne ta intanet. Ranar da ta fito rumbunan suka cika, mutane a duk duniya suka yi awanni suna kallon allon jira, har shugaban aikin, Jorg Neumann, ya fito ya ba da haƙuri. Daga baya an gyara, an kuma ƙara damar sauke wasu abubuwa a ajiye. Amma ranar ta nuna wa masu intanet mai ƙarfi abin da mai raunin intanet zai iya gani kowace rana.

A yi adalci: lissafin tashin jirgin a kwamfutarka ake yin sa, don haka raunin intanet ba ya jinkirta sandar tuƙi kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ƙasa ta zo a makare, ta fara da dusu-dusu sannan ta washe, bishiyoyi su ɓullo farat ɗaya, wani lokaci hoto ya ɗan cije sa'ad da sabon kaya ya iso. Akwai ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe wuraren da ka taɓa bi, don haka zagaye na biyu a hanya ɗaya ya fi na farko sauƙi. Wannan ma wani gibi ne a bidiyoyin kwatance: ba safai suke faɗa maka ko zagayen farko ne suke nunawa ko na goma ba.

Mutumin Jibiya ya fi kowa sanin abin da ake nufi da dogaro ga layi. A bakin iyaka waya takan yi tsalle tsakanin layin Najeriya da na Nijar ba da izininka ba. A watan Satumba na 2021 kuma an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, aka yi watanni a haka. Fitowar 2020 tana iya tashi ba intanet, sai dai ƙasar takan koma zane na gama-gari, wato abin da ka saye ta dominsa ya tafi.

X-Plane 12: abin da ka sauke naka ne

X-Plane aikin Austin Meyer ne da kamfaninsa Laminar Research, tun 1995, fitowa ta 12 kuma ta kammala a Disamban 2022. Tana tafiya a Windows da Mac da Linux. Duniyarta a kan kwamfutarka take zama, kuma wajen sakawa ana ba ka taswira ka zaɓi yankin da kake so. Mai son arewacin Najeriya da kudancin Nijar kaɗai ba sai ya sauke Turai da Amurka ba. In ka gama, tafiyar ƙasa a ƙarƙashinka ba ta jiran intanet, sai dai in kana son yanayin sama na gaske ko sabuntawa, da kuma tantance lasisi lokaci-lokaci.

Rauninta a ido yake. Ba hoton tauraron ɗan'adam take shimfiɗawa ba, zane ne na nau'in ƙasa, nan gona, nan daji, nan gari, sannan a ɗora tituna da koguna daga OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke cikawa. Ke nan yadda Jibiya za ta fito ya danganta da ƙoƙarin da wasu suka yi wajen zana ta a taswirar. Ana iya ƙara hotunan sama da manhajar Ortho4XP ta kyauta, amma wannan ma data ce da fili.

Wajen lissafin tashi, X-Plane tana yanka fiffike da farfela gunduwa-gunduwa, ta lissafa ƙarfin iska a kan kowace gunduwa, ta haɗa. Wannan lissafi yana ɗaure da zanen hoto, kuma a nan ne take da wata ɗabi'a da ya kamata kowa ya sani: in hotuna suka yi ƙasa da kusan 20 a sakan, sai ta rage gudun lokaci kansa don kada lissafin ya rikice. Jirgin zai yi ta tafiya lami lafiya a ido, amma agogon cikinsa ya fi na bango jinkiri. Mai koyon lissafin lokaci da nisa, wanda ya tsara zai kai Jibiya a minti kaza, zai ga lissafinsa bai fita ba alhali ba laifinsa ba ne. Dandalin VATSIM, inda ake tashi tare da masu ba da umarnin sauka na sa-kai, yana cire mai X-Plane da ya daɗe a ƙasa da wannan iyaka saboda haka. Daga 11.50 a 2020, lokacin da ta koma tsarin zane na Vulkan da Metal, cijewar da aka san ta da ita ta ragu sosai. Kuma akwai ta gwaji kyauta mai minti 15, wanda ya isa ka san ko kwamfutarka za ta iya kafin ka biya ko kwabo.

FlightGear: ba ta da kwalliya, ba ta da farashi

Wannan 'yan sa-kai ne suke gina ta tun 1997, kyauta ce, kuma kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta. Bidiyoyin kwatance ba su cika kula ta ba domin ba ta ɗaukar ido. Amma tana da wani tsari da ya dace da mai ƙaramar kwamfuta: lissafin tashin jirgi yana gudana sau 120 a sakan, ko da hoton allo bai kai haka ba. Ana iya sauke ƙasar yankin da ake so a ajiye. Jirgin da take buɗewa da shi, Cessna 172P, an yi masa aiki mai kyau. Ba a ce ba ta cijewa ba, musamman in aka ɗora mata babban jirgi mai na'urori da yawa, kuma ingancin jiragenta ya bambanta daga wannan zuwa wancan. Amma ga ɗalibi mai kwamfutar cinya ta makaranta, wanda burinsa ya san agogunan gaban matuƙi da tsarin tashi da sauka, da babu gara ba daɗi, kuma wannan ta wuce ba daɗi nesa.

Hotunan cike gurbi da sauran dabarun ƙara lamba

Daga 2022 katunan Nvidia na jerin RTX 40 suka zo da DLSS 3, wadda take ƙirƙiro hoto ta saka tsakanin hotuna biyu na gaske. AMD ta biyo baya da FSR 3. Lambar lungun allo takan kusan ninkawa, motsi kuma ya fi sulɓi a ido. Sai dai hoton da aka ƙirƙira bai san ka motsa sanda ba. Jinkirin hannu yana nan yadda yake, har yakan ɗan ƙaru. Duk kwatancen da ya sa lambar da aka ninka ta haka a gefe ɗaya, da lambar asali a ɗaya gefen, ba kwatance ba ne.

Wani kuskuren saye da ake yawan yi shi ne a zuba duk kuɗin a katin hoto. Manhajojin jirgi sun fi yawan maƙalewa a furosesa, domin akwai babban layin aiki guda da komai yake jira: na'urorin jirgi, sauran jirage, abubuwan da ke ƙasa. Microsoft Flight Simulator tana da allon masu gini da yake faɗa maka ƙarara ko furosesa ce ta riƙe ka ko katin hoto, X-Plane ma tana nuna lokacin da kowannensu ya ci. Shi ya sa furosesoshi masu babbar ma'ajiyar ciki, irin Ryzen 7 5800X3D da 7800X3D masu megabayit 96, suka yi suna a wajen masu wannan harka.

Zafi, ƙura da wuta

A watan Afrilu zafin Katsina da Maraɗi yakan kai digiri 40. Furosesa tana da iyakar zafi, wajen digiri 95 zuwa 100, in ta kai sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Kwamfutar da ta yi minti 5 na farko sumul tana iya fara cijewa a minti na 25, daidai lokacin da kake shirin sauka Maraɗi. Gwajin minti 2 a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri ba zai taɓa nuna wannan ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka da ramukan iska. In aka ɗauke wuta kwamfutar cinya ta koma batir, da kanta take rage ƙarfi. Ta tebur mai ƙarfi kuwa tana iya jan wat ɗari huɗu ko fiye, nauyi ne a kan ƙaramin sola ko janareta.

Hukuncinmu

Wanda yake da intanet tsayayye mara iyakar data, da kwamfuta mai ƙarfi, kuma yana son ya ga ƙasarsa daga sama kamar yadda take, Microsoft Flight Simulator ce tasa. Wanda layinsa yake zuwa yana tafiya, X-Plane 12 ta fi ba shi tafiya iri ɗaya yau da gobe, muddin ya rage kwalliya har ya tsaya nesa da iyakar 20. Wanda kwamfutarsa ko aljihunsa ba su kai ba, ya fara da FlightGear ba tare da jin kunya ba. A tuna kuma, awannin da aka yi a gida ba sa shiga littafin awannin matuƙi. Amfaninsu sabo ne da tsari da agoguna kafin a je gaban malami.

Kowacce ka zaɓa, kulle hotunan a adadin da kwamfutarka za ta iya riƙewa ba faɗuwa, ko da 30 ne. Sannan ka sa manhajar aunawa irin CapFrameX ko PresentMon, ka bi hanyar Katsina, Jibiya, Maraɗi sau biyu, ɗaya da sassafe ɗaya da tsakar rana, ka duba abu uku: kashi 1 cikin 100 mafi muni, datar da ta tafi, da zafin furosesa a lokacin sauka. In ka yi, turo mana abin da ka samu tare da bayanin kwamfutarka da irin layin da kake amfani da shi. Alƙaluman wannan yanki namu ba wanda zai tara mana su in ba mu ba.